Harafin da Baba Ya Sha

A duk rubutun mutanen China harafi ɗaya tak na iya, kuma na koye shi ne a shekarar da Baba ya yi ta neman a kama shi a Jidda ana ƙi.

Baba ba mahaifina ba ne, abokin mahaifina ne tun suna yara, unguwarsu ɗaya a gida. Ya zo Umara ina goye, ya gama ibadarsa ya ƙi komawa. Fasfonsa ya mutu, daga baya ma ya ɓace. Da na samu aikin kwantiragi a wani kamfanin wayar lantarki a Madinar Masana'antu, wato yankin kamfanonin Jidda, mahaifina ya ce in neme shi a unguwar Hindawiyya in gaishe shi. Na je gaisuwa, sai na ƙare da kama ɗakin da ke jikin nasa. Sana'arsa sayar da asuwaki a ƙofar masallaci. Ni ina da iƙama, wato takardar izinin zama, ina da kafili da ya tsaya min a wajen hukuma, shi kuwa ko katin asibiti mai sunansa ba shi da shi.

Shekara talatin da 'yan kai yana zaune lafiya, sai yayarsa ta kwanta ciwo a gida. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita kaɗai ta rage masa a ɗakinsu. Ta sa jikarta ta ɗauki muryarta aka turo a wayata, don wayar Baba irin mai tocilan ce. Na kunna masa muna cin abinci.

"Na roƙi Allah kada ya ɗauki raina sai na ga fuskarka," in ji tsohuwar. "Ga alama ya amsa. To ni na gaji da kwanciyar nan. Ka zo ka sallame ni."

Baba ya sa na maimaita masa har ban san sau nawa ba, sannan ya wanke hannu bai ƙoshi ba.

Mutumin da ba shi da takarda hanyarsa ta zuwa gida sananniya ce: askarawa su kama shi, a kai shi tarhil, wato inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, a sa shi a jirgi. Ya fara gwada wani ofishi da aka ce ana ba da takardar tafiya, aka ce ya kawo shaidar cewa shi ne shi. Don haka ya haɗa jakarsa, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya je ya zauna a bakin titin da kowa ya san motar kame na bi.

Suka ƙi kama shi. Ba wai ba sa zuwa ba, zuwa suke yi kullum. Rannan wani askari ya sauko daga mota ya nufo shi, Baba ya miƙe har da gyara hula, sai mutumin ya zaɓi asuwaki biyu ya biya ya ce a sa shi a addu'a. Wata rana aka yi kame a kasuwa, aka ɗauki na damansa, aka ɗauki na hagunsa, aka ce masa, "Ya Hajji, ɗan janye ƙafarka mu wuce." Akwai wanda ya tsayar da motoci ya tsallakar da shi titin da bai ce yana son tsallakawa ba. Baba ya dawo gida yana huci ya ce wannan ai cin mutunci ne.

Ni na ce furfura ce take ba su kunya. Shi ya ce ban san komai ba. A farkon zuwansa, in ji shi, wani malami ya yi masa baduhu, rubutun da ake sha don idon mai neman ka ya zame daga kanka. Ya sha har harshensa ya yi baƙi, kuma ga shi aikin ya ci fiye da yadda aka biya. Na ce to a koma wajen malamin ya ba da makari. Ya ce ai malamin an kama shi tun tuni, shi bai sha nasa ba.

Ana cikin haka ni kuma nawa ya same ni a wajen aiki. Wayar da muke sayarwa tana zuwa ne a naɗe jikin wasu manyan kwarkwaro na katako, kowanne ya fi ni tsawo. In an warware wayar sai a tara su a filin sito, a loda su a kwantena a mayar wa masana'antar da ta aiko su a China. Mai kula da siton wani dattijo ne ɗan China, siriri, kullum riƙe da kwalbar shayi mai ganye a ciki. Mu'allim muke ce masa, shi kuma kowa sadik ne a wajensa, wato aboki. In aka haɗa Larabcina da nasa ba zai isa a sayi burodi a karɓi canji ba, amma da shi muke aiki. Duk kwarkwaron da zai koma sai ya yi masa wata alama da jan fenti. Da kafaɗarsa ta fara ciwo, sai ya miƙa min buroshin.

Na dubi alamar na yi dariya. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da wani ƙaramin ɗaki a cikinsa, shi ke nan. Ni da malaminmu na makarantar allo yake ɗaga allona yana nuna wa yara, ni za a tsorata da akwati cikin akwati? Na tsoma buroshi na zana babban a zagaye ɗaya, na zana ƙaramin, na ja baya ina jiran yabo.

Mu'allim ya leƙa ya ce, "Mafi kwayyis." Bai yi ba ke nan. Ya miƙo min ƙarfen kankara.

Na kankare na sake, ya sa na sake kankarewa. Wallahi a idona nawa da nasa ba su da maraba. Na kira wani ɗan Bangladesh mai tuƙa motar ɗaga kaya ya yi mana alƙalanci, ya duba ya duba ya ce duka ɗaya ne. Mu'allim ko kallonsa bai yi ba. Ya bi layin kwarkwaron yana ƙwanƙwasa nawa ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko guda ba, har da wanda na ɓoye a tsakiyar nasa. Raina ya ɓaci sosai ranar, na ce a zuciyata tsohon nan neman fitina kawai yake yi.

Washegari ya zo da bokitin ruwa. Ya tsoma buroshi ya fara rubutu a kan simintin filin, ya ce in kalla. To zafin Jidda kuwa ba ya jiran kowa. Kafin ya ja layin ƙarshe, na farko ya bushe. Ya yi ta rubutawa rana na shanyewa, ban taɓa ganin harafin cikakke a ƙasa ba. Na ce mu shiga inuwa mana, ya ce a'a, haka ya fi. Ba hoton yake so in gani ba, tafiyar hannun yake so in gani, wane layi ke gaba, wane ke biye.

Ga yadda abin yake. Za ka fara da bangon hagu, daga sama zuwa ƙasa. Sai ka koma sama ka ja rufin daga hagu zuwa dama, ba tare da ka ɗaga hannu ba ka karya kwana ka sauko da bangon dama. Ƙasan ka bar shi a buɗe. Sai ka shiga ciki ka gina ƙaramin ɗakin kamar yadda ka fara babban, shi ka rufe ƙasansa. Can a ƙarshe ne za ka dawo ka ja layin ƙasan babban ɗakin. A faɗe abu ne mai sauƙi. Matsalar hannuna ce. In na riƙe biro yakan bi ta hagu lafiya lau, amma duk abin da ake tsomawa a tawada alƙalami yake ɗaukarsa, sai ya tashi daga dama kamar yadda bulala ta koya masa. Ina cewa hagu da bakina, shi yana can dama yana aikinsa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne barin ƙasan a buɗe. Na tambayi Mu'allim dalili. Ya rasa Larabcin da zai yi min bayani, sai ya kira ɗan Bangladesh ɗin nan, bawan Allah, ya kai shi bakin wata kwantena. Ya tura shi ciki ya rufe ƙofa ya ce, "Kwayyis." Ya fito da shi, ya rufe ƙofar, ya ce masa yalla, shiga. Mutumin ya tsaya yana kallon ƙarfe. Mu'allim ya juyo gare ni ya buɗe hannuwa. Sai mutum ya shiga ake rufe ƙofa. Ni kuwa kullum sai in kulle gidan sannan in cusa ɗakin ta katanga.

Na ce to na ji, me ma harafin yake nufi? Ya dafa kwarkwaro, ya nuna wajen teku, ya yi alamar jirgin ruwa da tafinsa, ya ce, "Bet." Gida. Ma'anarsa komawa, dawowa inda ka fito. Duk wanda aka rubuta wa wannan gida zai tafi.

Don in huta da kankare fenti sai na fara gwaji a gida da yamma. Baba yana da wani tsohon allo da 'yar kwalbar tawada a bayan ƙofarsa, na ara. Ina zaune a tsakar gida ina fama, ya dawo daga zaman jiran kamensa na ranar, ya tsaya a kaina.

"Wannan wane irin hatimi ne?"

Na ce ba hatimi ba ne, rubutun China ne, na gaya masa ma'anarsa da inda muke rubuta shi. Ya ajiye jaka ya tsuguna.

"Duk wanda aka rubuta wa sai ya tafi?"

"Duk."

"Ba a tambayarsu iƙama?"

"Baba, katako ne fa."

"Na ji katako ne. An taɓa dawo muku da ɗaya daga tashar jirgi?"

Na yi tunani na ce gaskiya ba a taɓa ba.

"To cika allon ka wanke min."

Na ce Baba ka ji tsoron Allah, wannan ba aya ba ce, ba sunan Allah ba ne, alamar sito ce. Ya ce shi ma ya sani, Allah ne mai yi, wannan sababi ne kamar ƙwayar ciwon kai, ita ma ai daga China ake kawo ta muna sha da bismilla. Sannan ya kawo hujjar da har yau ban samu amsarta ba. Rubutun da ya ɗaure shi daga dama aka fara shi, don haka makarinsa dole ta hagu zai fito.

Na gaji da musu, ga yunwa. Na cika allon da sauri, kuma da yake Mu'allim ba ya kaina sai na bar hannuna ya yi yadda ya ga dama, in zagaye babban in jefa ƙaramin. Na wanke a kwano, Baba ya shanye ya share baki ya ce ɗanɗanonsa ma daban.

Da safe ya fita da ƙarfinsa, har ya yi min sallama irin ta mai tafiya. Da magariba ya dawo da robar ruwa da ledar dabino. Wani askari ne ya ba shi sadaka.

Haka aka yi ta yi. A tsakanin nan wani saƙon ya sake zuwa daga gida, muryar tsohuwar ta yi ƙasa har sai da muka kara wayar a kunne. Baba ya daina hira. Rannan muna cin abinci na ce bari in ba shi dariya, sai na kawo labarin ɗan Bangladesh da ƙofar kwantena. Ina ba da labari ina ƙyaƙyatawa, ban lura ya tsame hannu daga kwano ba.

"Wanda na sha," in ji shi a hankali, "yaushe ka rufe ƙofar?"

Na ce ai duka ɗaya ne in an wanke.

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Da farko na rufe."

"Inna lillahi! Ka gina gida ka kulle, ka bar ni a titi, kuma ka ba ni na sha! Shi ya sa suke ba ni dabino! Kai wane irin yaro ne? Mutumin ya gaya maka, har da misali ya yi maka da ɗan mutane!"

Ya ce shi ba zai ƙara yarda da ni ba, sai ya ga Mu'allim da idonsa. Na ce ba a shiga kamfaninmu sai da kati. Washegari muka je tare. Mai gadin da ya san ni sarai ya tsayar da ni yana juya katina gaba da baya, Baba ya wuce ta gefensa da carbi a hannu kamar gidan ƙaninsa.

Da na yi wa Mu'allim bayanin cewa dattijon nan shan harafin yake yi, idonsa ya fito. Ya ɗauko gwangwanin jan fenti yana nuna wa Baba yana nuna maƙogwaro. Sai da na rantse masa tawadar gawayi da ƙaro ce ya zauna. Ya ce rubutu ba magani ba ne. Na ji daɗi na samu mai goya min baya, na ƙara da cewa, "Ka gani Baba, shi kansa shekara da shekaru yana rubuta harafin nan kullum, kuma rabonsa da gida an daɗe."

"Tambaye shi, yana sha?"

Na tambaya. Mu'allim ya ce a'a.

"To ka gani," in ji Baba.

Mu'allim ya tambayi abin da ya sa tsohon yake gaggawar tafiya. Na gaya masa labarin yayar da ɗan Larabcin da nake da shi, sauran na cike da hannu. Ya daɗe yana kallon ganyen da ke yawo a kwalbarsa. Sannan ya ce har yanzu dai ba magani ba ne, amma in mutum zai sha, to a rubuta shi daidai. Ya ɗauko bokiti.

Daga ranar na zama mai malamai biyu, kuma ba wanda ya fi wani sauƙi. Da rana Mu'allim ya sa ni gaba a filin siminti, in hannuna ya nufi dama ya buga bokiti da ƙafa. Da yamma Baba ya tsare ni a tsakar gida, shi da bai taɓa riƙe buroshi ba ya haddace tsarin tsaf a zama ɗaya. Wani lokaci nakan ji kamar in jefar da allon in ce kowa ya je ya ji da kansa. Abin da yake hana ni shi ne muryar tsohuwar nan da ke cikin wayata.

Ban san ranar da hannuna ya sallama ba. Na dai lura wata rana ina ja yana bi, kuma na fara gane abin da Mu'allim yake gani. Layin da aka ja daga hagu kansa yana da nauyi, wutsiyarsa tana tsayawa da kyau, kwanar tana da kafaɗa. Nawa na da kuwa kamar igiya aka ajiye. Na yi wa wani kwarkwaro alama, Mu'allim ya zo ya wuce bai ƙwanƙwasa ba. Iyakar yabon da na taɓa samu a wajensa ke nan, kuma na yi murna kamar yaro.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna rubutun gaske. Baba ya yi alwala, ya zauna gab da ni yana kira.

"Bangon hagu."

Na ja.

"Rufi. Sauko da shi, kada ka ɗaga. Yawwa. Yanzu na ciki." Sai ya riƙe numfashi har in gama ƙaramin. "Na shiga?"

"Ka shiga, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To rufe."

Haka muka yi da kowane ɗaya har allon ya cika, aka kira magariba muna kai. Ya shanye, ya ɗauraye kwanon ya sake shanyewa.

Washegari na dawo daga aiki na tarar da ƙofarsa a sakaye. Na yi sallama, shiru. Na leƙa ta taga, sai ga shi a tsugune bayan ƙofa, ba hula, ba jaka, takalmi ƙafa ɗaya, jallabiyar ta yage a gwiwa. Da ƙyar ya buɗe min.

Motar ta tsaya, in ji shi. Askari ya sauko, ya dube shi ido cikin ido, ya ce, "Ya Hajji, iƙama." Tunda ya zo ƙasar nan ba a taɓa tambayarsa ba. Daga nan bai san abin da ya faru ba. Ya dai tuna ya ratsa ta shagon mai kifi, ya tuna wata katanga, ya tuna wata mata tana ihu ya tattake mata shanya. Da hankalinsa ya dawo sai ya gan shi a ɗakinsa ya sa sakata.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Mutumin da yake dafa bango kafin ya tashi daga sujada, shi ne ya tsallake katanga. Sai da na ɗago na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ban gudu ba, ɗana," in ji shi. "Wallahi ban gudu ba. Ƙafafun ne. Shekara talatin ina koya musu, yau na ce su tsaya suka ƙi ji."

Dariyar ta maƙale min, kunya ta kama ni, tausayinsa ya cika min ciki. Ya share fuska ya ce rubutuna ya ci, wannan ba shakka, saura abu ɗaya. Gobe in raka shi, in motar ta zo in riƙe shi.

Na ce ba zan iya ba. A Hindawiyya mutum zai iya yin kowane irin abin kunya a manta, ban da miƙa ɗan'uwa ga askarawa. Wanda aka sani da wannan ko gawarsa sai an yi shawara kafin a ɗauka. Baba bai yi musu da ni ba. Ya ce kawai in duba ko an turo wani saƙon. An turo. Wannan karon jikar ce take magana, ta ce tsohuwar ta daina karɓar ko kunu, idonta dai na kan ƙofa.

Da safe na aika wa Mu'allim cewa ba zan shigo ba. Muka sake cika allo, Baba ya sha. Ya sa kayansa a leda tunda jakar ta tafi, muka je muka zauna a bakin titin, na sarƙe hannuna a nasa. Hantsi ya yi sosai kafin motar ta ɓullo daga kwana.

Ina jin sanda jikinsa ya gan ta. Ya zabura da wani irin ƙarfi da ban san yana da shi ba, ya ja ni muka yi taga-taga har bakin kwata. Na rungume shi ta baya, ya sa min gwiwar hannu a haƙarƙari. Yana ihu, "Sake ni, ɗan banza!" Kafin in yi wani tunani ya sake cewa, "Kada ka sake ni! Don Allah kada ka sake ni!" Haka ya dinga yi, ya zage ni ya roƙe ni, ƙafafunsa na harbin iska. Mutanenmu da ke tsallaken titi suka tsaya suna kallo. Abin da suka gani shi ne ƙato ya danne tsoho yana jiran askarawa. Wata mai sayar da gyaɗa ta ɗaga murya ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da kai!"

Askari biyu suka sauko, suka tsaya suna kallonmu, su ma abin ya ɗaure musu kai. Ɗaya ya karɓi iƙamata ya duba, da haƙori na zaro masa ita daga aljihun gaba don hannuwana ba su da sarari. Ya nuna Baba ya ce wannan fa?

Na ce, "Babana ne. Ba shi da takarda."

"Babanka, kuma kai ka kawo shi?"

Na ce na'am.

Ya dube ni irin kallon da ban so ba, sannan ya kama hannun Baba a hankali. Da Baba ya ji hannun hukuma a jikinsa sai ƙafafun suka yi sanyi. Ya gyara jallabiyarsa, ya karɓi ledarsa, ya hau motar da kansa. Bai waiwayo ba, ina jin tsoro yake kada ya ga lungu.

Unguwa ta ɗauke min gaisuwa. In na shiga masallaci sai a matsa, mai shayin da nake zama wajensa ya ce madara ta ƙare alhali ina ganin gwangwanin. Na yi bayani sau ɗaya, da na kai wajen harafin China sai na ga fuskokinsu, na yi shiru. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, amma wanda ya fi damuna shi ne rashin labari. Wanda ke tarhil ba ya da waya, kuma ba wanda ya san ranar jirginsa. Jikar ma ta daina turo saƙo, ni kuma na kasa tambaya.

Makonni suka wuce. Wata rana da yamma ina filin sito, lambar jikar ta kira ni. Na ɗauka, sai na ji muryar Baba.

"Na iso, ɗana. Shekaranjiya."

"Alhamdu lillahi! Ka same ta?"

"Na same ta."

"Ta gane ka?"

"Da fari cewa ta yi a fitar mata da wannan tsohon, ita ƙaninta take jira. Sai na zauna a bakin gadon na sunkuya. Ta laluba ƙeyata, ta samu tabon da ta yi min da ludayi ranar da na zubar mata da nono. Ta ce, 'Kai ne. Ka daɗe.'"

Ina jin hayaniyar mutane da kukan awaki a bayansa.

"Ɗazu bayan azahar muka kai ta makwancinta," in ji shi. "Ni na shiga na karɓe ta, na kwantar da ita da hannuna. Ka gaishe min da Mu'allim."